Tankin taki mai lamba 201: waldar da ba a ɗauki hotonta ba

A gefen reshen kudu na kogin Elizabeth, cikin birnin Chesapeake a jihar Virginia ta Amurka, akwai wata ma'ajiya ta manyan tankuna da ake zuba mai da takin zamani na ruwa. Bayan shingenta unguwa ce, South Hill, gidajen mutane dab da tankunan. Abin da ke tafe labarin tanki ɗaya ne a cikinsu, tun daga ranar da aka yanke shawarar ƙara masa ƙarfi har zuwa abin da aka yi wa 'yan'uwansa uku bayan ya faɗi. Alƙaluman lamarin na hukumar tarayyar Amurka ne mai bin diddigin haɗurran sinadarai, wadda aka fi sani da CSB.

1929 zuwa 2006: tankin ƙusa

An gina tankin a 1929 domin ajiye mai. A lokacin walda ba ta karɓe aikin manyan tankuna ba tukuna, ƙusa ake sawa. A huda ramuka a jere a bakin fallen ƙarfe, a haɗa shi da bakin ɗan'uwansa, a zura ƙusa tana ja wur, a dake ƙarshenta ya zama kai na biyu. In ta huce sai ta tsuke ta matse fallayen. Haka aka ɗaga bangon, zobe a kan zobe, har ya kai girman da zai ci galan miliyan 2, wato lita miliyan 7 da rabi da 'yan kai. Wanda yake so ya ƙiyasta abin a ransa, ya jera tankokin dakon mai masu lita 33,000 kusan guda 230.

Haɗi iri biyu ne a bangon tanki. Akwai na kwance, wanda ya zagaye tankin tsakanin zobe da zobe, akwai kuma na tsaye, tsakanin falle da falle a zobe guda. Wahalarsu ba ɗaya ba ce. Ruwan da ke ciki yana tura bango waje ta kowane gefe, yana neman buɗe zoben, kuma wannan jan a kan haɗin tsaye yake sauka. Duk wanda ya taɓa danna hatsi a tsohon buhu ya san ta inda yake ɓarkewa: ɗinkin da ya bi tsawonsa. Zoben ƙasa shi ke shan matsi mafi yawa, shi ya sa fallayensa suka fi kauri.

Raunin haɗin ƙusa a fili yake, domin kowane rami ƙarfe ne aka cire. Ƙa'idar duba tsofaffin tankuna ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API 653, tana ba kowane irin haɗi maki gwargwadon yadda ƙarfinsa ya kusanci na lafiyayyen falle. Haɗin da aka ɗora falle kan falle da layin ƙusa ɗaya makinsa 0.45, mai layi biyu 0.60, mai uku 0.70.

Sai kuma kayan da ake zubawa suka canza. Tankin ya koma ɗaukar takin ruwa, haɗin yuriya da amoniyam naitiret mai kashi 32 cikin 100 na naitirojin. Litar fetur wajen kilo 0.75 take, ta dizal wajen 0.84, ta ruwa kilo 1, ta wannan takin kuwa wajen kilo 1.32. A tsayi iri ɗaya, takin yana matsa bango fiye da dizal da sama da rabi. In aka cika tankin da shi, kimanin tan 10,000 ke zaune a ciki. Tsohon bango, haɗin ƙusa, kaya mai nauyi: lissafi ba zai bari a cika shi yadda ake so ba.

2006: an cire ƙusa, an sa walda

A 2006 masu ma'ajiyar suka ba wani kamfanin ƙira kwangila. Aikin shi ne a yanke kowane haɗin tsaye na ƙusa a fitar, a saka sabon tsirin ƙarfe a gurbinsa, a yi masa walda baki da baki da tsofaffin fallaye dama da hagu. Haɗin kwance an bar shi da ƙusoshinsa. Manufar ita ce a ƙara wa haɗin tsaye ƙarfi domin a samu damar ɗaga iyakar cika. An yi irin wannan aikin a wasu tankuna uku na ma'ajiyar.

A lura da wani abu a nan. Kowane haɗin ƙusa ɗaya da aka cire, ɗinkin walda biyu ne suka maye gurbinsa, kuma kowannensu sabon ƙarfe ne ake haɗawa da ƙarfen da ya shekara 77 yana shan iska da tsatsa. Sannan walda ce ta tsaye, wadda narkakken ƙarfe ke neman zubowa ƙasa, ba irin ta kwance a kan benci ba.

Domin waldar baki da baki ta kai ƙarfin fallen, dole ta ratsa kaurinsa gaba ɗaya. Ana sassaƙe bakunan biyu, a bar 'yar tazara a gindi, a bi da zubin farko, a kankare kashin walda, a ƙara zubi a kai. Sannan a zagaya ɗaya gefen a gurje gindin har sai an ga tsabtataccen ƙarfe, a cike daga can. Mai gaggawa yana iya tsallake gurzar, ya shafa zubi a waje, ya shafa a ciki, tsakiya kuwa fallayen suna fuskantar juna ne kawai ba su haɗe ba. Daga waje ɗinkin zai iya yin kyan gani. In aka shafa fenti, shi ke nan.

Bayan walda: hoton da ƙa'ida ta nema

Ɗaukar hoton walda bai yi nisa da na asibiti ba. Ana manna fim cikin jakar da haske ba ya shiga a gefe ɗaya na bangon, a kafa tushen hasken a ɗaya gefen. Ko dai injin eksire ne, ko 'yar ƙwayar iridiyam-192 da ke kwance cikin akwati mai garkuwa, ana turo ta cikin bututu da abin murɗawa daga nesa. Hasken ya ratsa ƙarfen ya ci fim. Inda ƙarfe ya cika, kaɗan ke wucewa, wurin ya fito fari-fari. Inda akwai rami, ko kashin walda, ko gurbin da narkakken ƙarfe bai kai ba, wurin ya fito baƙi. Waldar da ba ta ratsa ba tana nuna kanta da miƙaƙƙen layi baƙi a tsakiyar ɗinki, kamar da rula aka ja shi. Ramukan iska ɗige-ɗige ne. Kafin a ɗauka ana ɗora wasu siraran wayoyi masu kauri daban-daban a kan waldar, in wayar da aka ƙayyade ba ta fito a fim ba, hoton bai karɓu ba, sai a sake. Ana kuma manna lambobin dalma domin a san wane haɗi ne kuma daidai ina. Sai an killace wuri an kori kowa kafin a saki hasken, don haka sau da yawa da dare ake yi. Masu kwangila ba su cika ƙaunar wannan aiki ba: yana tsayar da walda, yana kuma iya dawo da abin da aka riga aka ce an gama.

Ƙa'idar gina sababbin tankuna, API 650, wadda ta fara fitowa a 1961, ba ta ce a ɗauki kowane taƙi na walda ba. Kaurin falle ne ke yanke yawan hoton. In kaurin bai wuce milimita 10 ba, ana ɗaukar hoto ɗaya a cikin mita 3 na farko da kowane mai walda ya yi a haɗin tsaye, na kowane iri da kowane kauri. Daga nan sai ɗaya a kowane mita 30. Aƙalla kashi 25 cikin 100 na wuraren da aka zaɓa dole su faɗa a mahaɗar tsaye da kwance, kuma kowane haɗin tsaye a zoben ƙasa yana da hotonsa guda. Daga sama da milimita 10 zuwa 25, ana ƙara duk mahaɗun ba tare da tsame ko ɗaya ba, zoben ƙasa kuma hoto biyu a kowane haɗi, ɗaya a can gindi iya yadda za a iya sauka, ɗayan a inda mai duba ya ga dama. In kauri ya haura milimita 25, babu zaɓe, haɗin tsaye daga sama har ƙasa ake ɗauka. Haɗin kwance an sassauta masa saboda nauyinsa bai kai ba: ɗaya a mita 3 na farko, sannan ɗaya a kowane mita 60. Kowane fim dole ya nuna aƙalla milimita 150 na tsawon walda a sarari. Waldar rufi da ta fallayen daɓe da ke hawa kan juna ba a nema musu hoto, da wasu hanyoyi ake gwada su.

Mita 3 ɗin farko na kowane mutum shi ne zuciyar tsarin. Ana so a ga hannun mai walda tun bai yi nisa ba. In fim ya nuna aibi, ba a tsaya ga gyara wurin kaɗai. Ana ɗaukar hotuna biyu a maƙwabtansa. In suka fito lafiya, a gurje wurin farko a sake shi a sake ɗauka. In ɗayansu ya faɗi, a ci gaba da bin ɗinkin har a ga inda ɓarnar ta tsaya, ko kuma a sare duk abin da wannan mutumin ya yi a haɗin. Mai karanta fim sai mai takardar shaida ta mataki na biyu ko na uku. A ƙarshe ana miƙa wa mai tanki fina-finan tare da taswirar da ke nuna inda aka ɗauki kowanne. Ƙa'idar ta yarda a yi amfani da na'urar sauti a madadin hoto, in mai tanki da mai ƙira sun amince, amma ita ma da nata sharuɗɗan da rubutaccen sakamako.

Gyaran tsohon tanki a ƙarƙashin API 653 yake, kuma ta fi tsanani. Asalinta ma daga wani haɗari ne. Ranar 2 ga Janairu, 1988, wani tankin dizal mai kusan galan miliyan 4, da aka kwance daga Cleveland aka sake haɗa shi a Floreffe ta jihar Pennsylvania, ya tsage a cikarsa ta farko, ɗaruruwan dubban galan suka gangara kogin Monongahela. API 653 ta fito a 1991. A cikinta, ban da abin da API 650 ta nema, duk haɗin tsaye da sabon falle ya gamu da tsoho sai an ƙara masa hoto guda. Wato a irin aikin tanki 201, babu ɗinkin tsaye da zai wuce ba fim.

Binciken CSB ya gano cewa ba a yi wannan hoton ba.

2006 zuwa 2008: lissafin iyakar cika

Bayan gyaran, wani kamfanin duba tankuna ya duba tankin ya fitar da iyakar cika: ƙafa 27.01, wato mita 8.23.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Ana ninka ƙarfin da aka yarda wa ƙarfen da kaurin falle da makin haɗi, a raba da faɗin tanki da nauyin abin da ke ciki. Faɗi ana auna shi. Kauri ana auna shi da 'yar na'urar sauti, dangin wadda ake yi wa masu juna biyu sikanin. Nauyin taki sananne ne. Ƙarfin ƙarfe akwai jadawalinsa, har da na ƙarfen da ba a san asalinsa ba. Makin haɗi ne kaɗai ba a auna shi da hannu, daga takardu ake ɗauko shi: wace irin walda ce, an ɗauki hotonta ko ba a ɗauka ba.

A wani sashe na API 650 bambancin a rubuce yake. Waldar da aka ɗauki hotonta a zaɓaɓɓun wurare tana samun 0.85, wadda ba a ɗauka ba 0.70. API 653 ma 0.70 take ba waldar baki da baki da ba a san tarihinta ba. A ɗauki misali: tankin da lissafi ya ba shi mita 10 da maki 0.85, in aka koma 0.70 zai sauka wajen mita 8.2. A tanki mai faɗi, wannan tazarar tankokin dako da dama ce.

Ƙafa 27.01 ɗin da aka rubuta wa tanki 201 iyaka ce da ba ta halatta sai ga waldar da aka ɗauki hotonta.

12 ga Nuwamba, 2008

Ana shirin yi wa tankin fenti. Kafin fenti ana so a gano ƙusoshin da ke yoyo a toshe su, hanyar ganowa kuwa ita ce a cika tankin a ga inda ke tsatsafa. Aka soma tura taki. Wannan ne karon farko da za a kai shi iyakar da aka lissafa. Mai walda da yaronsa suna jikin bangon suna bin ƙusoshi, bisa umarnin masu ma'ajiyar. Babu wata rubutacciyar doka a wurin da ta hana aiki kusa da tanki a cikarsa ta farko bayan babban gyara.

Da misalin ƙarfe 2:20 na rana, taki ya kai kimanin ƙafa 26.7. Saura abin da bai kai inci 4 ba ya cika iyaka. Bangon ya tsage a tsaye, tsagar ta gudu sama da ƙasa, bango ya rabu da daɓe da rufi. Abin da ke ciki ya fito gaba ɗaya kusan a lokaci guda.

Mutanen biyu sun ji munanan raunuka, takin ya kuma shafe su. Wasu mutum biyu da suka kawo ɗauki su ma sai da aka duba su a asibiti, ana kyautata zaton tururin amoniya ne ya buge su. Igiyar takin ta haure ganuwar da aka zagaye tankunan da ita, ta shiga South Hill, aka kwashe mutane daga gidajensu. Aƙalla galan 200,000, fiye da lita 750,000, ba a iya kwashe su ba, wani kaso ya shiga kogin Elizabeth. Ba a rasa rai ba.

Nuwamba zuwa Disamba 2008: sauran ukun

Masu bincike suka duba bakin tsagar suka tarar da waldar da ba ta cika ba. Da suka juya ga tankuna ukun da aka yi wa irin aikin, sai ga alamun a jikinsu: ramukan iska, zubin da bai kai ba, da wuraren da wuta ta ci gefen falle ta bar kwari a gindin ɗinki. Ɗaya daga cikin ukun tazararsa da unguwar ba ta wuce ƙafa 250 ba, wajen mita 76.

CSB ba ta da ikon cin tara ko rufe masana'anta, shawara kawai take bayarwa, kuma bisa al'ada sai ta kammala bincike. A nan ba ta jira ba. A Disamban 2008 ta fitar da shawarar gaggawa: a ɗauki matakin rage haɗarin tankunan uku nan take, a ɗauko kamfanin injiniyoyi mai zaman kansa ya auna su, a miƙa rahotonsa ga hukumar birnin Chesapeake cikin kwana 30. Sakamakon wannan rahoto, masu ma'ajiyar suka sauke iyakar cikar tankunan ƙwarai.

Mayu 2009 da bayansa

Rahoton ƙarshe ya fito a Mayun 2009. Ya ɗora musabbabin faɗuwar a kan walda maras inganci, ya ce masu ma'ajiyar ba su tabbatar aikin ya kai matsayin da masana'antar ta yarda da shi ba, ba su yi hoton da iyakar cikar ta dogara a kansa ba, sun kuma tura ma'aikata jikin tanki yana cika.

Rahoton ya ƙirga faɗuwar wasu tankuna 16 a ma'ajiyu 9 na wasu jihohi tsakanin 1995 da 2008, mutum ɗaya ya mutu, huɗu aka kwantar. Ko a Janairun 2000 wani tankin taki mai kusan galan miliyan 1 ya fashe a Cincinnati a bakin kogin Ohio, can ma walda aka kama da laifi. Ƙungiyar masu sana'ar taki ta Amurka ta fitar da jagorar duba irin waɗannan tankuna a 2001, amma bin ta ganin dama ne. Dokokin tarayya kan malalar tankuna mai suka shafa, taki ba ya ciki, kuma a lokacin Virginia tana cikin jihohi 33 da ba su da dokar kansu a kan tankunan takin ruwa. Da dizal ne a tanki 201, da akwai hukumar da ke da hurumin neman takardunsa. CSB ta nemi jihar ta toshe wannan giɓi, daga baya kuma Virginia ta shigar da manyan tankunan takin ruwa, daga galan 100,000 zuwa sama, cikin dokokinta na gine-gine.

Yadda na auna lamarin

Dabarar 2006 ba ta da laifi a kanta. Cire haɗin ƙusa a sa tsirin walda abu ne da ƙa'ida ta yarda da shi, kuma in an yi shi daidai yana ƙara ƙarfi da gaske. Abin da ya lalace shi ne an karɓi ladan hoton ba a ɗauki hoton ba. Ƙa'ida ta shimfiɗa hanya biyu, duk halal: ka biya kuɗin fim ka cika da yawa, ko ka bar fim ka cika kaɗan. A nan aka kama rabin wannan da rabin waccan. Kamfanin duba tankin ma yana da nasa kason a ganina. Duk sauran lambobin ya auna su da kansa, lambar da ta rage kuwa tambaya ɗaya ce: ina fina-finan, ina taswirar? In ba a kawo ba, sai ya rubuta ƙaramin maki.

Akwai mai cewa hoton zaɓaɓɓun wurare ai ɗan tsakure ne, milimita 150 a cikin mita 30, ina tabbacin zai faɗa kan aibin? Gaskiya ne babu tabbas in aibin guda ɗaya ne ya ɓuya a wani lungu. Amma ba don wannan aka tsara shi ba. Mai sayen hatsi da ke soka ɗan bututun ƙarfe a buhu ba ƙwayar tsakuwa ɗaya yake nema ba, so yake ya san halin mai kayan. Aibin da aka gani a Chesapeake hali ne, tunda ya bayyana a tankuna huɗu, wani ma ido yana ganinsa. Irin wannan fim ɗin mita 3 na farko yake kamawa, kuma dokar bin maƙwabta za ta tona sauran. Da an kama shi a 2006, gurza da sake walda ne kuɗinsa.

Kada kuma a ɗora wa hoton abin da ba ya iyawa. Siririyar tsaga da ba ta daidaita da hanyar hasken ba tana iya wucewa ba a gan ta ba, a nan na'urar sauti ta fi shi ido. Ba ya faɗin ko tsohon ƙarfe ya zama mai saurin karyewa a sanyi, wanda shi ne babban darasin Floreffe. Ba ruwansa da ƙusoshin da aka bari a haɗin kwance. Gwajin cika tanki da ruwa na awa 24, wanda API 653 ke nema bayan babban gyara, shi ma a tankin taki yana da giɓi: ruwa a tsayi ɗaya kashi uku cikin huɗu ne kacal na matsin da takin zai yi. Tanki na iya cin wannan gwaji lafiya lau, rubu'in ƙarshe na nauyin kuwa sai ranar da aka zuba kayan gaske zai ɗanɗana shi.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe, sauke iyakar cika, ya yi ne saboda kai tsaye yake taɓa matsin. Ba ya buƙatar a san inda aibin yake ko girmansa, famfo da 'yan awoyi sun isa a fara. Kuɗinsa kuwa shi ne ainihin abin da aka shiga aikin 2006 dominsa, wato ƙarin wurin zuba kaya. Sai da aka ɗauko injiniyoyin da ba su da hannu a aikin farko kafin lambar ta sauka, wannan ma abin lura ne.

Batun mutanen biyu daban yake da batun walda, kuma ya fi sauƙin kaucewa. Ko da an ɗauki kowane fim, cikar farko gwaji ce, ba a tsayar da mutum a gindin abin da ake gwadawa. Ana iya cikawa daga nesa, a bar shi ya zauna, a zagaya a yi wa ƙusoshin da suka tsatsafo alama, a sauke takin, sannan a kira mai walda. Hakan zai ci kwana ɗaya ko biyu. Mai waldar da yaronsa ba su suka lissafa 27.01 ba, an ce su je su toshe ƙusa kafin masu fenti su zo, suka je.